Alu Gwanda da Layin Garma

Alu ɗan ƙanena ne, marigayi Muhammadu. A Madachi in ka ce Alu kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Alu Gwanda, ko baƙo ka tambaya zai nuna maka gidan. Sunan ya samo shi ne daga ƙwallon da yake kallo, irin ta Amurkawa, mai tsini gaba da baya kamar gwanda, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita, ƙattai su bi mutum su danne shi. Mutanen garin nan sun yi masa sunan don ya ji haushi ya bari. Sai ya je wurin mai fenti ya sa aka rubuta shi a bayan babur ɗinsa.

Gwanjo yake sayarwa, kasuwar Rano da ta Kibiya, da damina kuma ya yi noma kamar kowa. Shekara goma ke nan ko fiye, ya kwance wata dila ya tarar da riguna masu faɗin kafaɗa, masu ƙananan huji kamar rariya, kowacce da ƙatuwar lamba gaba da baya. Ba mai saye. Wa zai sa rigar da mutum biyu za su shiga? Ya karyar da su da ƙyar, ɗaya ta rage, shuɗiya da ta koɗe, ya riƙa sa ta zuwa gona. Da ya sayi babbar waya sai ya shiga neman masu rigar. Ya same su. Kulob ne na wani gari da bakina ba ya iya kama sunansa, kuma a lokacin ba wanda ake lallasawa kamarsu a duk ƙasar.

Na ce masa, "Cikin kulob talatin da biyu da ka ce akwai, ka rasa wanda za ka bi sai wanda ake duka?"

Ya ce, "Gwaggo, ni ban zaɓe su ba. Su suka zo mini a dila."

Tun daga nan ba mu huta ba. Samarin garin suna gidan kallo suna rigima a kan ƙwallon Turai, shi yana kan benci a ƙofar gidana da safe, inda nake kasa daddawa, yana ba ni labarin da ban tambaya ba. Ranar Asabar yaran jami'a ke wasa, ranar Lahadi manya. Sau huɗu ake ba ka ka ci taku goma, in ka kasa ka miƙa ƙwallon. Akwai mai jifa, shi ne kamar uban tafiya, kuma kulob ɗin Alu kowace shekara sai sun sayo sabon mai jifa sun lalata shi.

"Yaro ne mai hannu, Gwaggo. A jami'a ba ya kuskure. Sun kawo shi sun ajiye shi bayan masu taren da ko kaza ba za su tare ba. Yanzu sun ce shi ne bai iya ba, sun kori mai horarwa, sun bar wanda ya sayo masu taren yana zaune a ofis."

"To ka rubuta musu takarda."

"Na rubuta a waya, a ƙarƙashin labarin wasan. Wani Bature ya ce ina na san ƙwallo daga Afirka. Na ce masa daga nan Madachi na hango abin da shi da yake bakin filin bai gani ba."

Da labari ya zo cewa yaran jami'a ma yanzu an yarda a biya su, kuma suna iya barin makaranta su koma wata in ba su ji daɗi ba, Alu ya yi kwana uku yana murna kamar 'ya'yansa ne. Ya ce shekara da shekaru yara suna karya ƙafa, manya suna cin moriya, yanzu masu kukan an lalata wasa su ne waɗanda da suke ci su kaɗai. Ni ban san yaran ba, amma wannan maganar na gane ta.

Matarsa Khadijatu ta gaji ta daina magana. Abokansa sun ce aljanun gwanjo ne suka shafe shi. Shi ko a jikinsa.

Abin da ya sa nake wannan labari shi ne garma. Gidaje goma sha ɗaya ne a unguwarmu suka haɗu suka sayi shanun huɗa biyu da garma ɗaya. Ramalan ke riƙe da su, Bafulatani ne da kakansa ya zauna a nan, shi ke kiwonsu, shi ke kora su a gona. Shanu biyu ba za su yi wa gona goma sha ɗaya huɗa rana ɗaya ba. In ruwan shuka ya sauka, na farko a layi ya shuka masara da gyaɗa ƙasa na da laima, na ƙarshe sai ya jira kwana goma ko fiye, wani lokaci ruwan ya ɗauke ya bar shi da busasshiyar ƙasa.

Yadda ake tsara layin tun farko: wanda ya fi kawo wa shanun harawa da dusa da rani, shi ne gaba. Da jin sa kamar adalci. Amma wa ke da harawa da yawa? Wanda gyaɗarsa ta yi kyau. Wa gyaɗarsa ke kyau? Wanda aka fara yi wa huɗa. Shekara shida Alhaji Mika'ilu ne na ɗaya, mai shagon taki a Rano, gonarsa ta fi ta kowa. Shekara shida Malam Habu ne na ƙarshe, tsoho mai tumaki, wanda ba ya roƙo ba ya ƙorafi. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Bara waccan gyaɗar Malam Habu ko irin da ya zuba ba ta mayar ba, kuma na ji daga bakin matarsa cewa in aka sake haka zai bar gonar ya koma wurin ɗansa a birni, ya zauna ana ba shi.

Da bazarar bara, dattijon da ke tsara layin ya ce ya gaji da zagi, a ba wani. Kowa ya noƙe. Aka ce Alu yana da waya, yana iya kiran kowa, a ba shi. Taron a gindin darbejiyar masallaci ake yi bayan La'asar, kuma katangar gidana ce ta yi wa wurin jingina, don haka ban buƙaci a ba ni labari ba.

Makon ne kuma a Amurka ake abin da Alu ke kira ɗibar yara, ranar da manyan kulob ke zaɓar waɗanda suka gama wasa a jami'a. Kansa cike yake da abin. Ya miƙe a cikin shuɗiyar rigar nan ya ce:

"Zan karɓa, amma da sharaɗi. A can, wanda ya fi kowa shan kashi bara shi ke fara zaɓar yaro mafi kyau bana. Zakara shi ne ƙarshe. Don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙarfi har wasa ya mutu. Mu ma haka za mu yi. Wanda amfaninsa ya fi na kowa lalacewa bara, shi za a fara yi wa huɗa."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Gwanda ta shigo gona."

Alu ya ce, "Ku yi dariyarku. Mutanen da suka fi ku son abin duniya ne suka ga in ba a yi haka ba kowa zai yi asara."

Abin da ya ba ni mamaki, Alhaji Mika'ilu ne ya fara cewa a gwada. Ya ce yaro ya kawo shawara, a ba shi damina ɗaya, in ta jawo rigima a karɓe layin daga hannunsa a koma yadda ake. Da na ji haka na ajiye tsintsiya. Alhaji ba ya yarda da abu sai ya ga inda zai ɓulle.

Aka sa Juma'a mai zuwa kowa ya faɗi yadda ya ƙare bara.

A nan ɗan ƙanena ya yi wautar da sai wanda ya daɗe yana kallon waya zai yi. Ya manta da wa yake zaune. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Habu, yaya amfanin bara?"

"Alhamdulillahi."

"Baba, ina nufin nawa ka samu?"

"Abin da Allah ya ba ni. Mun gode masa."

Haka na biyu, haka na uku. Mutanen da na san matansu na dafa tuwo sau ɗaya a wuni, kowa ya sunkuyar da kai ya ce Alhamdulillahi. Magidanci ya tsaya a gaban masallaci ya ce rumbunsa ba komai? Ai gara ka ce ya tuɓe wando. Shi kansa Alu da layi ya zo kansa, cewa ya yi, "To, mun gode Allah," ya wuce.

Sai Alhaji Mika'ilu ya gyara murya. Ya ce shi kam ba zai ɓoye ba, bara ta taɓa shi. Tsutsa ta ci masara, gyaɗa ta yi ƙaiƙayi, duk mai shakka ya je ya leƙa rumbunsa. Rumbun kuwa ba komai a ciki, gaskiya ne, don tun kaka ya kwashe buhunan a mota zuwa sito a Rano.

Mutum ɗaya ne ya ce ya gaza. Bisa dokar Alu, shi ne na ɗaya. Alu ya ce a ba shi kwana uku ya tsara sauran.

Washegari da hantsi ya zo ya zauna a bencina, bai taɓa wayar ba.

"Gwaggo, a can ma ana yi. Kulob ya ga akwai yaro mai kyau a jami'a, sai ya riƙa faɗuwa da gangan don ya samu zaɓen farko. Na sha zaginsu a kai. Ban san muna da su a Madachi ba."

"A can wa ke faɗin wanda ya sha kashi? Tambayarsu ake yi?"

"A'a. Kowa ya ga wasan."

"To kai uban wa ya ce ka tambayi maza? Mu muka tsinke gyaɗar nan, mu muka yi sussuka, mu muka yi shiƙa gida gida. Ba macen da ba ta san buhun kowa ba."

Ya matso. "Faɗa mini."

"Malam Habu ne ƙarshe. Kai ne ke bi masa."

Bai musa ba. Ya san na san Khadijatu tun sanyi bai wuce ba take aikowa a yi mata awo a ɓoye, a cikin buhun gwanjo don kada a gane.

Ya ce, "To ki zo ki faɗa a taro."

"Allah ya kiyaye. In tsaya gaban maza in buɗe tukunyar Malam Habu? Ya kwana bai ci ba bai faɗa ba, ni ce zan faɗa masa? In ka sa shi gaba da bakina, wallahi ko garmar zinariya ce ba zai bari ta shiga gonarsa ba."

Ya kori ƙudajen da suka taru a kan daddawata. Can ya ce, "Alhaji ya ce ba shi da abinci ko?"

"Haka ya ce, a gaban Liman."

"Me ake yi wa maƙwabcin da ba shi da abinci?"

Na dube shi. Na tashi na shiga ɗaki na auno masa tiya ɗaya ta dawa.

Da azahar, lokacin da mutane ke fitowa salla, Alu ya ɗora kwanon a kansa, a buɗe, ya bi ta tsakiyar unguwa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Gidan Alhaji zan kai. Ba ka ji abin da ya same shi ba? Kai ma in kana da hali ka taimaka." Kafin La'asar mata sun ji. Wannan ta aika da gero, waccan da kuka da kuɓewa busasshiya. Matar Malam Habu, da ba ta san dawan garin ba, ta ji tausayi da gaske ta aika da rabin kwano na wake. Wannan rabin kwanon shi ya fi ƙona ni.

Hajiya Nana Aisha, matar Alhaji, mace ce mai gudun abin kunya. An ce da ta ga kwanuka jere a tsakar gidanta, kuma Liman ya aiko yana tambaya ko a sa sunan gidan cikin masu karɓar zakkar hatsi, ɗaki ta shiga ta rufe ƙofa da mijinta. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Kwanukan dai sun koma gidajensu kafin Magariba, kowanne da ƙari a kai.

Ranar taro Alhaji ya zo fuska a murtuke. Ya ce ba a fahimce shi ba ne, shi yana nufin bai samu yadda ya saba ba, amma Alhamdulillahi, ya fi ƙarfin abincin gidansa. Sannan ya ce, "Tunda yanzu ba wanda ya ce ya gaza, dokar yaron nan ba ta da wanda za ta ɗauka. A koma kan harawa."

Da gaskiyarsa. Aka fara gyaɗa kai. Malam Habu na zaune yana jan carbi kamar ba da shi ake ba.

Alu ya miƙe. Ya ce:

"Ni na gaza. Buhu biyu na masara na samu, gyaɗa ko ɗaya ba ta cika ba. Tun watan sanyi awo muke yi a gidana. Wanda ke son gani ya zo, rumbun a buɗe yake, kuma ba ni da sito a Rano."

Ban taɓa jin magidanci ya faɗi haka a garin nan ba, na kuma haura saba'in. Wani ya ce a hankali, "Subhanallahi, Alu, rufa wa kanka asiri."

"Asirin da na rufa shekara shida, me ya ƙara mini? Kulob ɗina ana rubuta faɗuwarsu duniya na gani, ba su mutu ba. Akwai wanda ya fi ni gazawa a nan? Ya faɗa."

Ya jira. Bai kalli Malam Habu ba, kowa ma bai kalle shi ba. Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa.

Alhaji ya yi dariya. "Ashe dokar don kanka ka kawo ta."

"Eh. Ni ne na ɗaya. A rubuta."

Da aka jera sauran, Alhaji ya koma can baya, Malam Habu kuma ya ce a bar shi a ƙarshe inda ya saba.

Khadijatu ta yi kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. Ta zo wurina tana kuka, ta ce ya mayar da ita abin nuni a bakin rijiya. Na ce mata duk masu nuna ta na san abin da ke cikin tukunyarsu, in tana so in jera mata. Ta share hawaye ta ce in fara.

A rana ta biyar Alu ya ce in raka shi gidan Malam Habu, yana son shaida. A hanya yake gaya mini cewa a Amurka zaɓen farko kaya ne, ana musayarsa. Mai shi yana iya ba wani, ya karɓi abin da ya fi buƙata.

Muka tarar da tsohon yana gyara igiyar tumaki. Bayan gaisuwa Alu ya ce, "Baba, ciniki na zo. Gonata ba huɗa ce matsalarta ba, ta gaji ne, taki take so. Kai kuma kana da takin tumaki tuli. Ka karɓi layina na farko, in karɓi naka na ƙarshe, ka ba ni taki."

Malam Habu ya ɗago ya dube shi da kyau. "Ɗan Muhammadu, sadaka ka kawo mini?"

"Wace sadaka, ni da nake awo? Amalanke takwas nake so."

"Takwas? Kai da wa?"

Ni na ce, "Goma ma ya kamata. Ka san abin da huɗar farko take."

Ya juyo kaina. "Fanta, ke ba shaida aka kawo ki ba? Ashe dillaliya ce."

Suka yi ta ja. Tsohon da ko a taro ba a jin muryarsa, ran nan har maƙwabta sun leƙo. Ya ce takinsa na shekara biyu ne, ya ruɓe, ba irin na shagon wasu ba. Ya ce uku. Alu ya tashi kamar zai tafi. Aka tsaya a biyar, kuma Alu ne zai kwasa da kansa.

Ruwan shuka ya sauka wata Talata da asuba. Da gari ya waye Ramalan ya fito da shanun. Hanyar gonar Malam Habu ta bakin gonar Alhaji take bi, kuma Alhaji na tsaye a wurin da buhunan irinsa.

Ya ce, "Ramalan, harawar wa shanun nan suka ci da rani?"

Ramalan ya ce, "Ta kowa, Alhaji. Ba su gaya mini wadda ta fi daɗi ba." Ya kaɗa su suka wuce.

Alhaji ya ce zai fita daga ƙungiya. Har yau yana ciki. Shi aka yi wa na goma, don Alu ya karɓi na ƙarshe, ya jira kwana goma sha biyu, ya shuka a makare a kan takin tumaki. Bai yi arziki ba, bai kuma yi awo da wuri ba. Malam Habu ya ɗaga gyaɗar da ya daɗe bai ga irinta ba, maganar komawa birni ta mutu. Da bazarar bana da aka zauna, ba a ce a koma kan harawa ba, kuma mutum uku ne suka buɗe baki suka faɗi buhunansu, kansu a ɗage.

Malam Habu ba ya cikinsu. Shi abin da yake faɗa a gindin darbejiya, duk wanda ya zauna kusa da shi, shi ne ɗan Muhammadu ya cuce shi, amalanke biyar na ruɓaɓɓen taki a kan huɗar wuni ɗaya, yaran yanzu ba tsoron Allah. Alu in ya ji sai ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ba a dawowa. Kwanaki wata ta zo sayen daddawa tana ce mini ai kowa ya san taimakon tsohon Alu ya yi. Na karɓe daddawata daga hannunta na ce ta je ta saya a wani wuri. Ina wurin aka yi cinikin, cuta ce tsagwaronta, kuma ni na so ma a kai goma.